Azumin Fuska da Harshe: Nauyin da Ke Zukatan Ma'aikatan Jinya

Wa'azin daren 17 ga watan Ramadan



Yabo da godiya na Allah ne, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya kuma sanya tausayi a zukatan bayinsa har wani ya hana idonsa barci saboda ciwon da ba a jikinsa yake ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da iyalan gidansa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ƴan'uwa masu saurarenmu a Dogon Kiriya da ƙauyukanta, da na Sukukutan da Matankari da Ɗan Kasari da Dogon Dutsi, har zuwa Tibiri da Gesheme da Kore Mai Ruwa, barkanmu da shan ruwa. Allah ya karɓi abin da ya wuce na azuminmu, ya ba mu ikon cika abin da ya rage.

Cikin makon nan saƙonni biyu suka iso mana, kuma mun ga ya dace mu amsa su tare domin tushensu ɗaya ne. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, ba za mu faɗi gari ba.

Na farko daga wani magidanci ne. Ya ce naƙuda ta kama iyalinsa cikin dare, ya ɗora ta a amalanke, suka yi doguwar tafiya cikin rairayi kafin su kai gidan likita. Da isarsu, ungozomar da ke aikin dare ta tarbe su da tsawa, tana tambayar abin da ya hana su zuwa tun da rana. Allah ya sauki matar lafiya, amma ya ce har yau maganar tana ci masa rai, har ya rantse ba zai sake kai iyalinsa can ba. Tambayarsa ita ce: shin wannan ma'aikaciya ba ta ɗauki alhakinsa ba?

Na biyu daga wata ma'aikaciyar jinya ne. Ta ce akwai ranar da yaro ya cika a hannunta da hantsi. Ta rufe shi, ta wanke hannu, ta fito ta tarar da mata sun yi layi suna jiran awo, sai ta saki fuska ta yi musu barka da zuwa kamar babu abin da ya faru. Ta ce ta saba yin murmushin da bai kai zuci ba, in ta koma gida kuma ba ta da sauran fara'ar da za ta yi wa ƴaƴanta. Ta ce: Malam, wannan ba munafunci ba ne? Kuma me ya sa zuciyata ta fara bushewa?

Kafin mu amsa, mu tuna daren da muke ciki. Ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan hijira, aka yi yaƙin Badar, ranar da Allah ya rarrabe gaskiya da ƙarya. Sahabbai ɗari uku da ƴan kai suka halarta, kuma babbar daraja ce a cikin sahabbai a ce mutum ɗan Badar ne. To amma Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai je ba. Matarsa Ruƙayya, ƴar Manzon Allah, tana kwance ba ta da lafiya, sai Annabi ya umarce shi ya zauna ya yi jinyarta. Ta rasu a daidai lokacin da albishirin nasara ya iso Madina. Da Annabi ya dawo, sai ya ba Usmanu kasonsa na ganima, ya kuma tabbatar masa yana da ladan wanda ya halarci yaƙin. Ku duba, jama'a: mutum ya zauna a gefen shimfiɗar majinyaciya, bai zare takobi ba, aka rubuta shi cikin mutanen Badar. Wannan shi ne matsayin jinya a addininmu.

A shekara ta 5, lokacin yaƙin gwalalo, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu, Annabi ya sa aka kai shi tantin Rufaida, wata baiwar Allah daga ƙabilar Aslam wadda ta kafa tantinta a masallaci tana jinyar masu rauni don neman lada. Ya zaɓi wurin ne domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ummu Aɗiyya kuma ta ba da labarin cewa ta bi Manzon Allah yaƙi bakwai, tana dafa abinci, tana ɗaure raunuka, tana kula da marasa lafiya. Saboda haka wanda ya sa farar riga a yau, namiji ko mace, ya sani yana da magabata na ƙwarai.

Mu a nan, duk wanda ya sa farar riga likita muke ce masa. Amma mafi yawan waɗanda muke tararwa a gidajen likita na ƙauyukanmu ma'aikatan jinya ne da ungozomomi. Babban likita sai an je asibitin gunduma a Dogon Dutsi ko Tibiri, in abin ya fi ƙarfi a wuce Doso ko Yamai. Aikinsu da muke gani shi ne allura da ƙarin ruwa da wankin miki da karɓar haihuwa. Akwai kuma wani aikin da ba ma gani, ba a rubuta shi a rajista, ba a lissafa shi cikin albashi: riƙon zuciya. Ma'aikacin jinya yana ganin abin tsoro ya ɓoye tsoronsa domin kada uwar yaro ta firgita. Yana jin ɗoyin miki ya hana hancinsa motsi domin kada mai mikin ya ji kunya. Ana zaginsa ya haɗiye. Yana da nasa majinyacin a gida, ko bashi ya dame shi, amma dole ya ajiye duk wannan a bakin ƙofa kamar yadda muke ajiye takalma a ƙofar masallaci. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To su waɗannan bayin Allah, aikinsu ya haɗa da hana fuska ba da labari.

Masana na zamani sun lura da wannan. A shekarar 1983 wata malamar nazarin zamantakewa a Amurka mai suna Arlie Hochschild ta wallafa bincikenta a kan masu hidimar fasinja a jirgin sama. Ta nuna cewa sarrafa abin da mutum ke ji domin ya dace da abin da sana'arsa ke buƙata, shi ma aiki ne mai gajiyarwa kamar ɗaukar kaya. Ta kasa shi gida biyu. Akwai na fatar baki, inda fuska ke dariya zuciya tana wani wuri. Akwai kuma wanda mutum ke lallashin zuciyarsa har ta ji abin da fuskar ke nunawa. Binciken da aka yi daga baya a kan ma'aikatan asibiti ya nuna na farkon ya fi saurin cinye mutum. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan ƙonewa da aiki ke jawowa da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da nisantar zuciya daga aikin har mutum ya daina damuwa, da jin cewa abin da yake yi ba ya amfani. Ƴar'uwarmu da ta ce zuciyarta ta fara bushewa, alama ta biyu take kwatantawa ba tare da ta sani ba.

Yanzu ga amsar tambayarta. A'a, baiwar Allah, ba munafunci ba ne. Munafuki shi ne mai nuna alheri yana ɓoye sharri domin ya cuci wanda ke gabansa ko ya sami abin duniya. Ke kuwa kin ɓoye baƙin ciki ne domin ki amfani wanda ke gabanki. Malamai suna kiran wannan mudarat, wato tausasa mu'amala don maslahar mutane, kuma sun bambanta shi da mudahana, wadda ita ce sayar da addini don neman yardar mutane. Nana A'isha ta ruwaito cewa wani mutum mai mugun hali ya nemi izinin shiga wurin Annabi. Annabi ya faɗi gaskiyar halinsa kafin ya shigo, amma da ya shigo sai ya sakar masa fuska ya tausasa masa magana. Da A'isha ta yi mamaki, ya nuna mata cewa shi ba mai kaushin harshe ba ne, kuma mafi sharrin mutane shi ne wanda ake gudu don tsoron bakinsa. In an sakar wa mai mugun hali fuska, ina ga majinyaci?

Kuma wannan tsoro da kike ji, wani ya riga ki jinsa. Sahabi Hanzala ya zo yana tuhumar kansa da munafunci, domin halin zuciyarsa a majalisin Annabi daban, in ya koma cikin iyali da gona daban. Annabi ya kwantar masa da hankali, ya sanar da shi cewa zuciyar ɗan Adam ba ta zama a hali ɗaya, kowane lokaci da nasa. Munafuki na gaske ba ya kwana yana tuhumar kansa.

Mu da muke cikin azumi mun fi kowa sanin wannan aiki. Mai azumi yana jin ƙishirwa, ga randa a gabansa, ya kame. Ana tsokanarsa, shari'a ta ce kada ya rama, ya tuna wa kansa da mai tsokanar cewa yana azumi. Wa zai ce mai azumi munafuki ne don yana jin yunwa bai nuna ba? Abin da muke yi daga alfijir zuwa faɗuwar rana na wata guda, ma'aikacin jinya yana yin irinsa da fuskarsa da harshensa shekara ta zagayo. A Suratu Ali Imrana, Allah ya lissafa masu haɗiye fushi da masu yafe wa mutane cikin waɗanda aka tanadar wa Aljanna. Kalmar da aka yi amfani da ita a can, a asalin Larabci, tana nufin ɗaure bakin salka bayan ta cika da ruwa. Ba a ce salkar fanko ce ba. Fushin yana nan, an dai ɗaure bakinsa. Imamu Gazali kuma ya yi bayani a Ihya'u cewa kyakkyawan hali yakan fara ne da tilasta wa rai, sannan da maimaitawa ya zama ɗabi'a. Wannan shi ne bambancin murmushin fatar baki da wanda niyya ke ɗauke da shi. Wanda ya yi shi don tsoron majo ko don kada a kai ƙararsa, zai gaji da wuri. Wanda ya tuna cewa Allah, a hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito, zai tuhumi bawa ranar ƙiyama a kan majinyacin da bai duba ba, ya kuma sanar da shi cewa da ya je da ya sami Allah a wurinsa, wannan yana da mashayar da zai koma ya sha.

Sai dai, ƴan'uwa, niyya kaɗai ba ta ɗaukar jaki da kayansa. Mutanen Arewa sun san rijiya. Kowace rijiya tana da gwargwadon abin da idonta ke kawowa. In aka yi ta zura guga daga asuba har dare ba a bar ta ta tara ba, ƙarshe laka za ta fito. Wanda ya zo a wannan lokaci zai ce rijiyar banza ce, alhali shi ne na ɗari da ya ja. Haƙurin ɗan Adam haka yake. Bari mu duba abubuwan da ke ƙafar da wannan rijiya a yankinmu.

Na farko, yawan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana buƙatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi kusan 45 ga kowane mutum 10,000. Ƙasarmu ba ta kai ko kusa da haka ba, kuma waɗanda ake da su sun fi taruwa a birane. A ƙauye sau da yawa wanda ya yi aikin rana shi ake bugun ƙofarsa da dare. In damina ta yi nisa, daga Agusta zuwa Oktoba, masassarar cizon sauro ta cika ɗakuna da yara har a kwantar da wasu a kan tabarma ƙarƙashin itace. In bazara ta zo, ga sanƙarau da ƙyanda. Dattawanmu da matasanmu ba su manta da shekarar 2015 ba, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500, kuma jahar Doso tana cikin inda ya fi tsanani. Mu mun riƙa gudun gidan da ciwon ya shiga. Su kuwa can ne wurin aikinsu.

Na biyu, rashin kayan aiki. Tun shekarar 2006 hukuma ta mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta, kuma wannan mataki ya ceci rayuka masu yawa. Amma kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita ya riƙa yin jinkiri mai tsawo, sai magani ya yanke. Uba ya ji a rediyo an ce kyauta ne, ya zo aka miƙa masa takarda ya je ya saya, sai ya ɗauka ma'aikacin ne ya ci. Wanda bai yanke hukuncin ba, bai riƙe kuɗin ba, shi ke shan zagin. Babu abin da ya fi ƙona zuciyar mai jinya kamar ya san maganin da zai ceci yaro, ya duba kanta ya ga babu.

Na uku, mu kanmu. Sau nawa muke ajiye majinyaci a gida kwana huɗu, a gwada saiwa, a gwada ƙwayoyin mai talla a kasuwa, sai numfashi ya fara sarƙewa sannan a nemi amalanke? Sau nawa mace ke kwana tana naƙuda ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko daga cin rani ya ba da izini? In abin ya ɓaci sai mu ce hannun likita ne. Sannan mukan cika ɗakin majinyaci mu goma, kowa da tambayarsa, in an ce mu fita mu ce an wulaƙanta mu. Al'adarmu ta dauriya ma tana da nata hannu. Mun tarbiyyantar da ƴaƴanmu mata cewa kuka wurin haihuwa abin kunya ne, ungozomar ma a cikin wannan tarbiyya ta tashi, shi ya sa wata ke ganin tsawa ga mai naƙuda taimako ne.

Na huɗu, baƙunta da ƙunci. Da yawansu daga nesa aka turo su. Wani ya yi karatu a Yamai ko Damagaram, wata Hausarta ma ba ta nuna ba, ga iyali a wani gari, ga hanyoyin da tsoro ya sa ba a bin su da dare a ƴan shekarun nan. Akwai ƴan kwantaragi, akwai masu aikin sa kai da suke shekaru suna jiran a ɗauke su. Wadda kuma ƴar gari ce, nata nauyin daban: yaron da ya cika a hannunta ta san uwarsa, ta ci sunansa, gobe kuma za su haɗu a rijiya.

Na biyar, rashin wurin sauke kaya. In aka yi rasuwa, dangi suna zaman makoki, ana zuwa ana yi musu gaisuwa kwana uku. Wadda ta kwana a tsaye tana neman jijiyar yaron, wa ya taɓa ce mata sannu da haƙuri?

Duk wannan da muka lissafa bayani ne, ba wanke laifi ba ne. Yanzu mun zo ga ɗan'uwanmu mai tambaya ta farko. E, an shiga haƙƙinka. Wadda ta yi wa mai naƙuda tsawa ta yi kuskure, kuma ya kamata ta nemi gafarar Allah, ta nemi afuwarku in ta sami hali. Kuma ba a kanka aka fara ba. A shekarar 2003 masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da sakamakon nazarin da aka yi a asibitocin Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai. Abin da aka gano mai ɗaci ne: wanda ke da sani ko abin hannu ana tarbarsa da fara'a, baƙo talaka kuwa a bar shi a benci ba ko kallo. Ma'ana fara'ar tana nan, rabonta ne ba a yi da adalci ba.

Ya ku ma'aikatan jinya, ku saurara da kyau. Suratu Abasa ta sauka ne saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho talaka, wanda ya zo da tambaya a lokacin da Annabi ke fuskantar manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu. Fuska kawai aka ɗaure, kuma makaho ba ya ganin fuska. Duk da haka Allah ya saukar da ayoyi a kai, ana karanta su a tarawihi har yau. To in ɗaure fuskar da mai ita bai gani ba ta kai a yi wahayi, ina ga tsawar da mace ta ji da kunnenta tana tsakanin rai da mutuwa? Matar maigari da matar makiyayin da ya sauko daga daji, shimfiɗarsu ɗaya a wurin Allah. Kuma ku tuna matar da Annabi ya tarar tana kuka a bakin kabari. Ya yi mata nasiha da haƙuri, ita kuwa ba ta gane shi ba, ta ce ya rabu da ita tunda ba shi masifar ta sama ba. Bai rama ba, bai ce ko kin san ni ba, ya wuce abinsa. Wanda ɗansa ke shure-shure a gabansa ba a cikin hayyacinsa yake ba. Maganarsa zafin ciwo ce, kada ku ajiye ta a zuci.

Sannan ku sani rayukanku suna da haƙƙi a kanku. Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i ya ƙuntata wa kansa da azumi da tsayuwar dare har iyalinsa ta shiga wani hali. Ya tilasta masa ya ci ya yi barci, ya tuna masa cewa Ubangiji da rai da iyali kowanne yana da haƙƙinsa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. Saboda haka fara'ar da ƴaƴanki suka rasa, ƴar'uwa, bashi ce a kanki, ki rage musu ko da kaɗan. Ranar hutu ki huta. Kuka ma ba rauni ba ne. Annabi ya zubar da hawaye yana riƙe da ɗansa Ibrahim lokacin da yake cikawa, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Annabi Yaƙubu ya danne baƙin cikin Yusufu a gaban mutane har ganinsa ya tafi, amma ya kai kukansa ga Allah. Salkar da aka ɗaure wa baki tana buƙatar inda za a kwance ta. Ku kwance ta a sujada, ku kwance ta a wurin abokin aiki amintacce ba tare da tona asirin majinyaci ba. Majo kuma ya ji tsoron Allah wurin raba aikin dare, kuma in an yi rashi mai zafi ya tara mutanensa ko na ɗan lokaci ne su yi magana, su yi addu'a. Wanda ya ga barci ya ƙaurace masa, ko ya daina jin komai a gaban mai ciwo, ya nemi taimakon likita. Mai ba da magani shi ma yana sha.

Wasu daga cikinku suna baƙin cikin cewa goman ƙarshe na zuwa, jama'a na tahajjud su suna bakin aiki. Ku kwantar da hankalinku. Tsayuwar dare nafila ce, kula da majinyata kuwa farilla ce da kuka ɗauke wa al'umma baki ɗaya, da kun bari da duk mun yi laifi. Wanda ya zauna jinya a Madina bai rasa ladan Badar ba. Ku gyara niyya, harshenku ya riƙa zikiri hannu na aiki. Wanda kuma ya ɗauki azumi, aikin ceton rai ya galabaitar da shi cikin wannan zafi har ya ji tsoron cutuwa mai tsanani, ya sha ruwa ya rama bayan salla, babu laifi a kansa.

Mu kuma jama'ar masallaci, ga namu. Ɗan'uwa mai rantsuwa, ka warware rantsuwarka. Shari'a ta koyar da cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya yi wanda ya fi, ya yi kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ran iyalinka ya fi fushinka. In kana da ƙorafi, ka kai wa majo ko kwamitin da ke kula da gidan likita cikin mutunci, wannan haƙƙinka ne, kuma gyara ne ga na bayanka.

Magidanta, ku bar izini a gida tun kafin ku fita, cewa duk lokacin da ciwo ko naƙuda ya zo a tafi ba sai an jira ku ba. Ku kai yaro ranar da jikinsa ya yi zafi. Mutum ɗaya ko biyu su tsaya da majinyaci, saura su yi addu'a daga waje. Mu shiga da sallama, mu kira ma'aikaci da girmamawa, in mun sami sauƙi mu koma mu ce mun gode, domin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Muna roƙon kowane masallaci da ke kusa da gidan likita, daga gobe har ƙarshen wata, a riƙa ɗiban kunu da ƙosai da ruwan sanyi daga abin buɗa-bakin masallaci a aika wa masu aikin dare da masu jinya. Limamai su sa su cikin addu'a a bayyane, su ji da kunnensu. Baƙon ma'aikacin da ba shi da kowa a garin, ranar salla wani gida ya kira shi. Masu hali da ƴaƴanmu da ke aiki a Yamai da ƙasashen waje, fitila mai aiki da hasken rana ko gyaran famfon gidan likita sadaka ce mai gudana. Shugabanni kuma, daga magajin gari zuwa sama, su sani jinkirta haƙƙin ma'aikaci zalunci ne, kuma kowane mai kiwo za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Mun saba cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaskiya ne. Amma mu tuna cewa mai shimfiɗa fuskar nan mutum ne ɗan'uwanmu, yana jin yunwa, yana jin tsoro, yana binne nasa. In muna son mu tarar da ruwa mai kyau ranar da muka zo da namu majinyacin cikin dare, sai mu taimaka rijiyar ta tara.

Ya Allah, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya Allah, ka jiƙan waɗanda suka riga mu. Ya Allah, ka saka wa masu jinya da alheri, ka sanyaya zukatansu, ka tausasa harsunansu, ka sa albarka a hannuwansu, ka tsare su a hanya da wurin aiki. Ka yafe musu inda suka gaza, ka yafe mana inda muka zalunce su. Ka zaunar da Arewa da Nijar baki ɗaya lafiya, ka ba mu damina mai albarka, ka sa muna cikin ƴantattun wannan wata.

Gobe in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan hukunce-hukuncen i'itikafi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.